Shirin Musamman: Mama ta Zumuntar Mata

(Kiɗan tulu da kacau-kacau, sannan a rage sauti)

Wannan kiɗa da kuka ji na 'yan Zumuntar Mata ne, ƙungiyar matan majami'a. A Kaduna, in ka ji shi a ƙofar gida ba ranar Lahadi ba, ka ga mata sun cika layi da anko, to ko dai biki ake yi, ko kuwa wata uwa ce ta riga mu gidan gaskiya. Yau irin waɗannan iyaye za mu tuna. Ba za mu kama suna ba, don kowace unguwa da tata, kuma duk Mama ake ce musu.

Yawancinsu ba a nan aka haife su ba. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Kaduna ke jan jama'a: ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, 'yan sanda, daga baya kuma ma'aikatan masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957. Mama ta biyo mijinta tana amarya, daga ƙasar Bajju ko Atyap ko Ham, suka kama ɗaki a gidan haya a Kawo, Unguwar Rimi ko Tudun Wada. A majami'a ta tarar kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su. Da ita ake sujada, da ita ake waƙa.

Ku ɗauko Littafi Mai Tsarki nata ku duba, na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Bangon ya gaji, an naɗe shi da leda. A shafin farko ga sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu, can ƙasa jikoki sun biyo baya da wani biro daban. Kuɗin baikon majami'a kuwa tun daren Asabar take ƙulle shi a haɓar zane, ko da kuɗin cefane bai cika ba. Da asuba, ladan na kiran salla a masallacin layi, ita kuma tana durƙushe bakin gado tana ambatar yaran ɗaya bayan ɗaya.

Aikin zumunta bai tsaya a waƙa ba. Su ne masu zuwa dubiya asibitin Barau Dikko da kwanon kunu, masu yi wa maijego wanka, masu ɗora tukunya a gidan makoki kafin dangi su iso daga ƙauye.

(Kiɗa kaɗan)

Sai rikicin Fabrairun 2000 ya zo, na Nuwamban 2002 ya biyo baya, kogin Kaduna ya zama iyaka. Kirista da yawa suka ƙaura zuwa Sabon Tasha, Narayi da Unguwar Romi, Musulmi da yawa suka dawo arewacin gari. Amma majami'u irin su St. Michael ta Angilika da HEKAN ta titin Katsina suna nan inda suke. Don haka duk Lahadi za ka ga Mama ta shiga bas da gwiwarta mai ciwo, ta haye gada. An tashi sujada, sai ta ratsa tsohon gidan haya ta gaida Hajiya, wadda suka yi shekaru suna shanya a igiya ɗaya. Da Babbar Salla naman layya ya haye kudu, da Kirsimeti shinkafa da cincin su hayo arewa. Zumunci dai a ƙafa yake.

Tarihi ya riƙe sunan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, masu aikin sasanta Musulmi da Kirista, da yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinai suka sa wa hannu a Kaduna a Agustan 2002. Sun cancanta. Sunan Mama kuwa sai a takardar tsarin jana'iza ake ganinsa, bayan ta tafi.

Saboda haka, mai sauraro, in taka Mamar tana raye, ko majami'a take zuwa ko Islamiyya, kada ka jira ranar ta'aziyya. Je ka zauna gabanta, ka tambaye ta yadda ta zo Kaduna da waɗanda suka riƙe ta, ka naɗi muryarta a waya don jikoki. Waɗanda suka riga mu kuma, Allah ya ba iyalansu haƙuri. A nan muka kawo ƙarshen shirin, a huta lafiya.