Bakin Ɗan Dambe A Gaban Mai Neman Labari

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon dambe da kaka a ƙasar Sabuwa, ko Faskari, ko Ƙanƙara, ya san ɗan dambe bakinsa biyu ne. In kalangu ya tashi, ya ɗaura zare, sai ka ji yana kirari kamar babu wanda ya isa a duniya sai shi. Amma da an tashi wasa, mai neman labari ya tare shi da tambaya, sai ka ga ya zama kamar ba shi ba.

Tambaye shi yadda ya yi ya kashe abokin karawarsa, watau ya kai shi ƙasa, sai ya ce, "To, yin Allah ne." Tambaye shi me ya sa aka kashe shi, sai ya ce, "Ai haka wasa ya gada, yau gare ka, gobe ga wani." In kuwa ka matsa masa ya faɗi ko alkalin wasa ya zalunce shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Manya suna nan."

Kada mai karatu ya zaci wannan hali namu ne kaɗai. 'Yan wasan ƙasar Ostareliya sun yi suna wajen haɗa "i" da "a'a" a baki ɗaya in an yabe su ko an tsananta musu da tambaya, har a shekarar 2002 waɗansu malaman harshe biyu, Kate Burridge da Margaret Florey, suka yi rubutu a kan wannan al'ada. Sun nuna cewa "i" ɗin ta karɓi maganar mai tambaya ce, "a'a" kuwa ta sauke yabon daga kan mai amsa. Muhammad Ali na Amurka, wanda ya ziyarci Nijeriya a 1964, shi kam kirarinsa ya riƙa kaiwa har gaban 'yan jarida.

To, me ya sa namu ba sa yin haka? Dalili shi ne, kirari yana da wurinsa. Abin da aka faɗa cikin fili kowa ya san wasa ne, ba mai riƙewa. Wanda aka faɗa wa jarida ko rediyo kuwa, magana zarar bunu ce. Wanda ka kashe yau, wata kaka za ku sake gamuwa, mai yiwuwa ma a mahauta ɗaya ku ke neman abinci.

Saboda haka, malaman makaranta, in yaronku ya ci tsere ya ce yin Allah ne, kada ku ce ya kasa magana. Ladabi ne. Sai dai ku koya masa bambancin kunya da ɓoye gaskiya, don kada ya girma ya riƙa amsa tambayar aiki da "manya suna nan".