Neman Bakanike Mai Amana ga Tsohuwar A-kori-kura

A-kori-kura motar neman abinci ce, don haka kwananta ɗaya a gareji asara ce ga mai ita. Biyu daga cikin waɗanda aka fi sani a arewacin Najeriya su ne Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara haɗa motoci a 1975, ya daɗe yana fitarwa, da kuma Toyota Hilux mai shan fetur ko dizal. Tsofaffinsu sun daɗe da wuce lokacin garanti, kuma kuɗin gyara a wurin dillalin kamfani yakan fi ƙarfin mai su. Shi ya sa lafiyarsu ta rataya a hannun bakanike mai zaman kansa.

Abu na farko da ya kamata mai mota ya sani shi ne aikin gareji rabe yake. Akwai mai injin da giya, akwai mai wayarin, akwai mai gyaran jiki da fenti, sannan ga masu famfon dizal da nozul, waɗanda sana'arsu daban ce kacokan. A cikin masu injin ma, wanda ya tashi a kan Peugeot ba lallai ne hannunsa ya faɗa a kan motar Japan ba. Shekarun motar su ma suna da tasiri. Injin 504 da injin 22R na tsohuwar Hilux yawanci da kafireta suke aiki, kuma gyaransu na buƙatar kunne da gogewa, amma Hilux ɗin da aka fito da ita daga wajen 2005 kwamfuta ce ke sarrafa manta, sai an jona na'urar bincike kafin a karanta ciwonta. Wanda ya ce kowace mota yana gyarawa, galibi ba wadda ya ƙware a kai.

Shaida mafi ƙarfi tana wurin masu neman kuɗi da irin motar. Direbobin da ke jigilar buhuna a kasuwar hatsi irin ta Dawanau, ko masu kai kaya kasuwannin ƙauye, sun san wanda gyaransa ke kai mako da wanda ke kai shekara. Masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna su ma sun san makanikai, sai dai shawararsu na iya karkata ga mai kawo musu ciniki. Makanikai da yawa 'yan NATA ne, wato ƙungiyar masu gyaran mota. Wannan ba shaidar ƙwarewa ba ce, amma yana nufin akwai shugabannin da za a kai wa ƙara in an samu saɓani.

Ba a fara gwada sabon bakanike da sauke injin. Ƙaramin aiki ya isa, kamar juyen baƙin mai ko canjin takalmin birki, mai mota yana tsaye yana kallo. A nan ake ganin ko maigidan ne ke sa ido ko yara aka bar wa aikin, ko notuna a cikin kwano ake tara su ko a ƙasa cikin yashi, ko da sifanar da ta dace ake kwance noti ko da guduma da kurfi. Motocin da suka yi watanni a kan duwatsu, ƙura ta lulluɓe su, su ma suna ba da labarin garejin.

Inda amana ta fi bayyana shi ne wajen gano cuta. Misali, mota tana zafi. Bakaniken kirki zai duba ko lagireto na yoyo ko ya toshe, ya duba murfinsa, da bel ɗin fanka, da famfon ruwa, ya zaro sandar gwajin mai ya gani ko man ya koma kamar shayi da madara, alamar gaskit ya ƙone ruwa ya shiga. Mai gaggawa kuwa sai ya cire tamostat ya yar, ya ce ai na ƙasashen sanyi ne. Wannan al'ada ta yaɗu, amma kuskure ce: tamostat ne ke sa injin ya kai zafin da aka tsara masa da wuri kuma ya tsaya a nan, in babu shi motar takan ƙara shan mai, ainihin matsalar kuma tana nan. Launin hayaƙi ma yana nuna cuta. Shuɗi na nuna injin na ƙona baƙin mai, baƙi na nuna man da ke shiga ya fi iska yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuwa sau da yawa ruwa ne. Wanda ya yanke hukuncin a sauke injin tun bai ɗaga bonet ba, a nemi ra'ayin wani kafin a amince.

Tambaya ɗaya takan tona zurfin sanin bakanike: bel ne ko sarƙa ke haɗa lokacin bawul a injin motar? Injin dizal na 3L a Hilux da bel yake haɗa lokacin bawul, ana canza shi wajen kilomita 100,000, kuma in ya tsinke ana tafiya fistin na iya dukan bawul. Injin 22R kuwa sarƙa gare shi. Wanda ya saba da motar ba ya rikita waɗannan.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, da na hannu da ake kira ɗan Beljiyam, da jabu mai kwali kamar na gaske. Ga tsohuwar mota, na hannu mai kyau yakan fi sabon jabu ƙarko, ban da abubuwan da ke cinyewa kamar bel, matatar mai da takalmin birki, waɗanda sababbi ake sawa. Bakanike mai gaskiya yakan faɗi wanne zai sa, ba ya jin haushi in mai mota ya ce zai bi shi kasuwa, kuma yakan miƙa tsohon ƙarfen da ya cire ba sai an tambaya ba.

A raba kuɗin aiki da kuɗin kaya tun farko, a yi magana a kan ranar gamawa da abin da za a yi in matsalar ta dawo. Biyan kuɗi duka kafin a fara aiki shi ke sa mota ta kwana biyu a gareji. Kuɗin kaya ake bayarwa, na aiki sai an zagaya da motar an gwada, zai fi kyau da kaya a bayanta tunda aikinta ke nan. Ƙaramin littafi a aljihun mota, mai ɗauke da ranar kowane gyara da kilomita da abin da aka canza, yana hana biyan kuɗin aiki ɗaya sau biyu, yana kuma sauƙaƙa wa duk bakaniken da motar ta koma hannunsa daga baya.