Kokawar 'Yan Mata a Makarantu: Tace Hujja daga Zato

Tun da hotunan 'yan matan makarantun Amurka masu kokawa suka fara yawo cikin wayoyin mutanen unguwar Miskine ta Bangui, daga rumfunan kasuwar KM5 har majalisun bayan la'asar, zance ya yawaita, har wanda bai gani ba ya fi wanda ya gani ɗaga murya; don haka ya wajaba a yi tahakiki, domin da irin waɗannan maganganu iyaye ke yanke wa 'ya'yansu hukunci.

Mafi yaɗuwar zancen shi ne wai ana haɗa yarinya da saurayi a fage. Wannan yana da asali, gama a lokacin da masu yin ba su kai dubu ba, kamar a 1994 da aka ƙidaya 804 kacal a duk makarantun sakandaren Amurka, yarinyar da ta so kokawa ba ta da abokin karo sai namiji. Amma tun da jihar Hawaii ta ware wa mata gasarsu a 1998, Texas ta bi sahu a 1999, galibin jihohi sun yi haka, adadin kuma ya haura 60,000 a 2024. A gasar duniya da ta Afirka kuwa mace da mace ake haɗawa, bayan an auna kowacce an sa ta ajin nauyinta. Manya kan yi zagaye biyu na minti uku-uku, 'yan ƙasa da shekara 17 minti biyu-biyu, wadda ta danne kafaɗun abokiyarta a tabarma ta ci, in ba haka ba a ƙirga maki.

Masu cewa ita ce kokawar talabijin, ta maƙe wuya da jifa da kujera, sun yi kuskure. Waccan wasan kwaikwayo ce, wannan kuwa alƙali na hana duka da shaƙa da murɗe gaɓa.

Haka nan da'awar cewa baƙon abu ne ga matan Afirka ba ta da madogara. Matan Jola na Kasamans a Senegal sun gaji kokawa daga kakanni. Sylvie Datty ta wakilci wannan ƙasa tamu ta Afirka ta Tsakiya a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Marwa Amri ta Tunisiya ta ci tagulla a Rio a 2016, Blessing Oborududu ta Najeriya kuma azurfa a Tokyo. Abin da yake gaskiya shi ne a al'adarmu ta Hausa fage na maza ne, kamar gasar Takobi da Nijar ke yi tun 1975.

Mas'aloli biyu ne nake ganin sun cancanci damuwar iyaye. Ta farko sutura, domin rigar gasa matsattsiya ce, hannuwa da cinyoyi a waje, kuma mahaifin da ya ƙi ta saboda kare al'aura yana da hujjarsa a shari'a. Ta biyu, wadda ba a cika ambata ba alhali ta fi haɗari ga lafiya, ita ce rage nauyi kafin awo: yarinya ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta yi ta tofar da yawu don sikeli ya sauka. Kokawar kanta ba ta hana haihuwa, saɓanin yadda ake ta faɗi; yunwa mai tsanani ce ke ɗauke al'adar mata ta kuma raunana ƙashi, shi ya sa makarantun Amurka ke gwada jikin ɗaliba tun farkon kaka, su ƙayyade mata nauyin da ba za ta sauka ƙasa da shi ba.