Baƙin layin da ke fita a cikin mai juna biyu

Mai cikin fari ba ta cika tambaya ba, kunya ce ke hana ta. Sai ta shiga wanka wata rana, cikin ya kai wata biyar, ta ga wani baƙin layi ya miƙe sak daga mara zuwa cibiya kamar an ja shi da tozali. Ta sa soso ta dirza, bai fita ba. Ta ƙara sabulu, yana nan daram. A Zongon Parakou ko a cikin garin Djougou, inda Hausawa suka zauna tun zamanin fataken goro masu bin hanyar Gwanja, amsar da za ta samu ta danganta da wadda ta tambaya. Gwaggo za ta ce namiji ne, idan layin ya wuce cibiya. Ƙawa kuwa za ta ce datti ne ya taru, ta kuma faɗa mata sunan man da zai share shi.

Layin nan dama can yana nan tun kafin ciki. Tsokokin ciki biyu, na dama da na hagu, wata farar jijiya ce mai kauri ta haɗe su daga ƙahon zuci har zuwa mara, kuma fatar da ke kanta ce ke yin duhu. Idan ciki ya shiga, jikin mace da mabiyiya suna sakin sinadarai masu yawa, irin su istirojin da furojestaron, waɗanda ke zuga ƙwayoyin fata su ƙara samar da melanin, abin da ya sa fatarmu ta zama baƙa. Shi ya sa ba cikin kaɗai ke canzawa ba: kan nono, hammata, matsematsi, har tsohon tabo, duk sukan ƙara duhu. Wasu matan kuma dabbare-dabbare ke fito musu a kumatu da goshi, rana ta ƙara ƙona su. Faɗin layin bai cika wuce santimita 1 ba. Wani bincike da aka yi a Ibadan aka buga a 2005, a kan mutum 1,550, ya tarar da shi a jikin fiye da tara cikin goma na masu juna biyu, ya kuma gan shi a jikin wasu maza da matan da ba su da ciki. Batun namiji ko mace kuwa, rabin lokaci gwaggo za ta dace, kamar yadda mai cankar ƙwandala zai dace.

Abin da ya fi tayar wa mata hankali yakan zo ne bayan haihuwa. Fatar da ta miƙe wata tara ta tattare wuri guda, sai cikin ya yi baƙi ƙirin, ya yamushe, mai jego ta duba ta kasa gane jikinta. Launin da ya bazu a babban fili ne ya dawo ƙaramin wuri. Yana washewa da kansa yayin da sinadaran ke raguwa kuma tsohuwar fata ke saɓa, yawanci cikin ƴan watanni, wani lokaci har shekara. Ga wasu ƴar alamar layin kan zauna, ta sake fitowa a ciki na gaba. Nankarwa dabam take: tsagewa ce a ƙarƙashin fata saboda miƙewa, tana dusashewa amma ba ta ɓacewa ɗungurungum. Man kaɗe, wanda arewacin Benin ke da shi a wadace, yana sa fata laushi, yana rage ƙaiƙayi, amma kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Haka ma wankan jego. Ruwan da ya yi zafin da zai sale fata, da dirza da ƙarfi, ƙara baƙin suke yi, domin baƙar fata da duhu take warkewa duk inda ta ji rauni.

A ganina haɗarin duk yana wurin shawarar ƙawar nan. Wanda ya zaga kasuwar Arzeke a Parakou ya san yadda mayukan bilicin suka cika tebura, wasu a kwalinsu, wasu haɗin hannu ne a robar da ba ta da ko suna. Abubuwa uku ne suka fi yawa a cikinsu: haidurokwinon, da magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin kilobetasol, da kuma makuri. Duka ukun suna ratsa fata su shiga jini, makuri kuwa yana tsallaka mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, yana kuma fita a ruwan nono. A Dakar, wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna kusan bakwai cikin goma na masu cikin da aka duba a wani asibitin haihuwa suna shafa irin waɗannan mayuka, kuma masu shafa sitiroyid mai ƙarfi sun fi haifar jarirai marasa nauyi. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta mayukan tun 2015. Akwai wani abu kuma: sitiroyid yana sirantar da fata, yana faɗaɗa nankarwar da ake gudu, yana hana ciwo haɗewa da wuri. Benin ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su tun 2009, amma fatar da bilicin ya cinye wahalar ɗinki gare ta, ko a babban asibitin koyarwa na Borgou da ke Parakou aka yi aikin.

Ba kowane canjin fata ba ne za a ce a bar shi. Idan ƙaiƙayi mai tsanani ya kama tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare a watannin ƙarshe, ko ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, hanta ce ake zargi, kuma jariri na iya shiga haɗari, a tafi asibiti ranar. Haka idan wata tawadar Allah ta fara girma, ko canza kama, ko zubar da jini. Wuyan da ya yi baƙi ya yi kauri kamar karammiski shi ma a sa a gwada sukari. Kuma wadda ta riga ta daɗe tana shafa bilicin kafin ciki, ta ɗauki robar man ta tafi da ita wurin awo ta nuna wa ungozoma, domin sitiroyid da aka daɗe ana shafawa ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke janye shi.