Ɗan Soket Mai Tona Asirin Kayan Da Ke Shan Wuta

Daga Wakilinmu

Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Magidanci a Ƙofa, ko mai cajin waya a Kankiya da Kusada, yakan biya kuɗin wuta, ko na KEDCO ko na man janareta, alhali bai san wane ne cikin kayansa ya fi shanye ta ba. Lamarin ya ƙara nauyi a Afrilun 2024, sa'ad da hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan rukunin A.

To, akwai wani ɗan soket mai aiki da Wi-Fi wanda ke auna wutar da firji ko fanka ke ja. Dutsen guga mai wat 1,000, alal misali, yana cin yunit guda cikin awa ɗaya. Sai dai manhajar da ake sayar da soket ɗin da ita takan aika lissafin zuwa kwamfutocin kamfani a ƙetare, in intanet ta yanke kuwa, ba ka ganin kome.

Maganin wannan shi ne Tasmota, manhajar da wani Baholande, Theo Arends, ya ƙirƙiro, wadda kowa ke da izinin dubawa da gyarawa kyauta. Tana hawa kan ƙwaƙwalwar ESP8266 da ESP32 na kamfanin Espressif da ke Sin. Saboda haka a bincika kafin a saya, domin ba kowane soket ke ɗauke da su ba.

Ga yadda ake yi. A zare soket daga bango, a buɗe shi, a haɗa shi da kwamfuta ta mahaɗar USB mai bayar da bolt 3.3. A adana tsohuwar manhajar tukuna, sannan a ɗora sabuwar. Bayan an rufe shi, a daidaita awonsa da ƙwan lantarki na zare wanda aka san ƙarfinsa. Daga nan lissafi zai riƙa fitowa a wayarka ta Wi-Fi na gida, ba sai da intanet ba.

Amma fa a yi hattara. Kada a kuskura a jona shi da wutar bango yana buɗe, gama bolt 230 na iya kisa. Garantinsa ma ya tafi ke nan, kuma awonsa ba ya maye gurbin mitar kamfani. Wanda hannunsa bai saba ba ya nemi gwani, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.