Giya Mai Kuloci Biyu: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Gareji

A garejin kanikawa da wuraren dillalan motocin Beljiyam, akwai wata giya da sunanta ya riga ya ɓaci. Da an ce Ford Focus ce ƙirar 2013, ko Golf mai DSG, wato giya mai kuloci biyu ta Volkswagen, sai wani ya kaɗa kai: "Alhaji, rabu da ita, giyarta ba ta jin magani." Maganar tana da tushe, amma an haɗa ta da ƙarya mai yawa, kuma ƙaryar ce ke kashe motocin mutane.

Direba zai ga birki da totur kawai, da sandar P, R, N, D, sai ya ɗauka otomatik ce irin ta tsohuwar Camry. A cikinta kuwa giyar hannu ce, kwamfuta ke taka mata kuloci. Kulocin biyu ne: ɗaya na riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan na riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6, kowanne da sandarsa, ɗaya sandar a zure cikin ɗayar. Mota na tafiya a giya ta 3, an riga an saka ta 4 tana jira. Lokacin canji na yi, wannan kulocin ya saki, wancan ya kama, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na tashi, ta waccan na sauka. Shi ya sa a kan buɗaɗɗen titi ba a jin ƙarfin mota ya yanke. Masu cewa ta fi hannun ƙwararren direba saurin canji sun faɗi gaskiya.

Masu cewa sabon abu ne da ba a gama gwadawa ba kuwa sun yi kuskure. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, ya tsara ta tun 1939. Porsche ya sa ta a motocin tsere a shekarun 1980, sannan Volkswagen ya fito da ita kasuwa a Golf R32 a 2003.

To ina mugun sunan ya samo asali? Daga abubuwan da suka faru da gaske. Giyar PowerShift da Ford ya sa a Fiesta daga ƙirar 2011 da Focus daga ƙirar 2012 ta wahalar da jama'a: mota ta riƙa karkarwa wajen tashi, mai ya tsiyaya ya ɓata kuloci, kwamfutar giyar ta rikice. A 2018 kotun tarayya ta Ostareliya ta ci Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya yi da ƙorafin masu motocin. Shi ma Volkswagen, a 2013, ya kira motoci sama da 380,000 a China domin gyara DSG mai giya 7, bayan gidan talabijin na gwamnati ya fallasa yadda ƙarfin motar ke ɗaukewa ana cikin tafiya. Duk wanda ya sha wannan wuya yana da haƙƙin ya yi ƙorafi.

Sai dai waɗannan biyun duk masu busasshen kuloci ne, wanda iska kaɗai ke sanyaya shi. Akwai wani nau'in da kulocinsa ke nutse cikin mai, kamar DSG mai giya 6 da PDK na Porsche, kuma man ne ke kwashe masa zafi. Yi musu kuɗin goro rashin adalci ne.

Wata jita-jitar ita ce duk ɗan fizga alamar lalacewa ce. Otomatik ta gargajiya ta cikin mai take tura ƙarfin inji, don haka tashinta da laushi. Mai kuloci biyu kuwa faranti ne ke goga faranti, saboda haka ɗan jinkiri wajen tashi, ko ɗan tsalle lokacin ribas da fakin, halinta ne. Abin tsoro shi ne karkarwar da ake ji har a kujera, ko harafin giya ya riƙa ƙiftawa a gaban direba, ko inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba.

Ƙaryar da ta fi tsada ita ce ta mai. Wasu na cewa ba a taɓa canja shi, wasu na zuba mata jan man otomatik da ke kusa da hannu. Volkswagen ya ce a canja mai da tacen DSG mai giya 6 duk bayan kilomita 60,000, kuma da man da aka yi dominta.

Haka batun mayar da sanda N a duk danja: ba dole ba ne, domin idan aka danne birki sosai kulocin kan saki da kansa. Abin da ke cinye shi shi ne rarrafe a gosulo da rabin birki, da tsayar da mota a kan tudu da totur. A cunkoson Kano cikin zafin Afrilu, wannan ɗabi'a na gasa busasshen kuloci. Gara a bari motar gaba ta ba da tazara, a matsa gaba ɗaya, a sake danne birki.

Wanda zai sayi irin wannan mota ya fara tambaya: kulocinta busasshe ne ko jiƙaƙƙe? Ya sa a jona mata kwamfutar bincike, ya tuƙa ta cikin cunkoso har ta ɗau zafi, ya kuma tabbata akwai bakaniken da ya san ta a garinsu. Ga mai yawan tafiyar Kaduna zuwa Abuja, mai jiƙaƙƙen kulocin za ta yi masa daɗi; ga wanda yininsa a gosulo yake ƙarewa, otomatik ta gargajiya ta fi masa kwanciyar hankali.