Wuƙar Shiga Daji: Abin da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Biya

Makiyayi da maharbi da masunci da mai saran itace, kowannensu yana da abin da ba ya barin gida sai da shi, wato wuƙa. Da ita ake yanke igiya, a fere turke, a feɗe dabba, a tsaga ƙiraren hura wuta, a ɓare saiwar magani. A 'yan shekarun nan masu neman irin wannan wuƙa sun ƙaru: ɗaliban da ke fita nazarin tsirrai da duwatsu, 'yan sikawut, ma'aikatan gandun daji, da matasan da ke hawan tsaunukan Filato da Mambila su kwana a can. Da yawansu ido ne ke yi musu zaɓi a kasuwa. Su ɗauki wadda ta fi tsawo da ƙyalli, mai haƙora a gadon baya, su biya kuɗi mai yawa, sannan ta ba su kunya ranar da suka fi bukatarta.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, wuƙar daji ta ƙwarai ba sai mai hannu da shuni ke iya mallakarta ba. Abubuwa biyar ne ke raba ta da ta banza: yadda ƙarfen ya shiga ƙota, tsawon bakinta, irin ƙarfen da yadda aka gasa shi, mariƙinta, da kubenta. Wanda ya san waɗannan biyar zai sayi mai kyau da kuɗi kaɗan.

Dalilin fifita mai kube

Wuƙar aljihu mai naɗewa tana da amfaninta, kuma an daɗe da saninta a kasuwannin Afirka. Okapi, alal misali, an fara ƙera ta a garin Solingen na Jamus a 1902 domin sayarwa a ƙasashen mulkin mallaka, kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Sai dai duk wuƙar da ke naɗewa tana da gaɓa, kuma gaɓar nan ita ce rauninta. Yashi yana shiga ciki, jini da kitse suna maƙalewa, ƙusar da ta riƙe ta tana saki, kuma idan aka matsa mata tana iya rufewa a kan yatsun mai ita. Wuƙa mai kube ƙarfe guda ce da mariƙi. Babu abin da zai kwance, wankinta ba wuya, kuma hannu ɗaya ya isa zare ta.

Ƙarfen da ke cikin ƙota

Abu na farko da ya kamata mai saye ya tambaya ba a ganinsa da ido, domin yana ɓoye cikin ƙota. Kowace wuƙa tana da jelar ƙarfe da ke shiga mariƙi. A wasu jelar ta ratsa har ƙarshe da faɗinta duka, an manna itace ko roba gefe da gefe an daddanne da ƙusa, ana ganin ƙarfen a tsakiya. Wannan ta fi kowace ƙarfi. A wasu jelar siririya ce, amma doguwa, ta kai kashi uku cikin huɗu na mariƙin ko ta fita ta ƙarshensa an lanƙwasa. Ita ma tana aiki shekara da shekaru. Wadda za a guje wa ita ce mai guntuwar jela da aka liƙa da gam ko aka ɗaure da ɗan noti.

Wannan matsala tana da tarihi. A 1982 aka fitar da fim ɗin First Blood, inda jarumin ya riƙe wata babbar wuƙa mai rami a mariƙi, wadda wani maƙeri ɗan jihar Arkansas ta Amurka, Jimmy Lile, ya ƙera. Tasa aikin gwani ce. Amma bayan fim ɗin kasuwannin duniya suka cika da kwaikwayonta masu araha, an zuba ashana da ƙugiyar kifi a ramin, an ɗora ɗan kamfas a murfi. Tunda mariƙin rami ne, babu inda jelar ƙarfe za ta shiga, don haka a nan suke karyewa. Har yau ana ganin jikokinsu a kan teburan 'yan koli. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tsawo da kauri

Mors Kochanski, malamin zaman daji ɗan Kanada wanda ya rasu a 2019, ya shafe shekaru yana koyar da mutane yadda ake rayuwa a dazukan arewacin ƙasarsa masu tsananin sanyi. Ma'aunin da ya bayar mai sauƙi ne: bakin wuƙar aiki ya kai kimanin faɗin tafin hannun mai ita, wato kusan santimita 10. Dalilin kuwa shi ne, yawancin ayyukan daji ƙanana ne, kamar fere itace da yanka nama da gyara tarko, kuma dukansu da ɓangaren da ke kusa da mariƙi ake yinsu. Idan baki ya yi tsawo, tsininsa ya yi nisa da hannu, sarrafa shi ya yi wuya.

Shahararriyar wuƙar KA-BAR da sojojin ruwan Amurka suka karɓa a 1942 tana da baki mai inci 7, kusan santimita 18, domin an yi ta ne don yaƙi da aikin sansani a haɗe. Ba ita ce ta dace da mai feɗe zomo ba. Haka nan wuƙar da ke da kaifi gefe biyu makami ce, ba kayan aiki ba, saboda babu inda za a ɗora babban yatsa a danna. Kauri kuwa daga milimita 2 zuwa 4 ya wadatar. Abin da ya wuce haka nauyi ne kawai, kuma ba ya yanka da kyau.

Mutanen karkararmu sun daɗe da raba aikin nan yadda ya kamata: adda don share hanya, gatari don sara, wuƙa don yanka. Wanda ya nemi wuƙa ɗaya ta yi masa aikin uku zai ƙare da abin da bai iya ko ɗaya ba. Ƙaramar wuƙa da adda, kuɗinsu a haɗe sau da yawa bai kai na babbar wuƙar ado guda ba.

Baƙin ƙarfe ko mara tsatsa

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, irin wanda masana'antu ke kira 1095, mai ɗauke da kabon kusan kashi 0.95 cikin 100. Yana kama kaifi sosai, kuma ko da dutsen bakin rafi ana iya wasa shi. Gadon bayansa yana ba da tartsatsi idan aka buga shi da dutsen ƙanƙara, kamar yadda kakanninmu ke yi da ƙyastu kafin zuwan ashana. Aibinsa tsatsa: a bar shi da danshi kwana ɗaya, ya fara ja.

Na biyu shi ne ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi wa ƙarfen wata siririyar kariya daga iska da ruwa. Masunci a Tafkin Chadi ko Kainji, da duk mai aiki da damina, wannan ya fi dacewa da su. Mai yawo a busasshen dajin Sahel kuwa, baƙin ƙarfe ba zai dame shi ba.

Amma irin ƙarfe rabin magana ne. Sauran rabin shi ne gashi. Ana gasa ƙarfe har ya wuce zafin da maganaɗisu ke daina kama shi, kusan digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, sai a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya sandare. A wannan hali yana da tauri, amma yana iya fashewa. Sai a sake ɗumama shi a hankali zuwa kusan digiri 200, har launinsa ya koma ruwan kara, domin ya samu juriya. Wanda ba a tsoma da kyau ba, bakinsa lanƙwashewa yake yi. Wanda ba a sake ɗumamawa ba, ɓallewa yake yi. Yawancin wuƙaƙen masana'anta masu kyau suna tsakanin 56 da 60 a ma'aunin tauri na Rockwell.

Darasi daga Mora

Hujja mafi ƙarfi cewa araha da inganci suna iya haɗuwa tana wani ƙaramin gari mai suna Mora a yankin Dalarna na ƙasar Suwidin. A 1891 Erik Frost ya kafa masana'anta a can, a 1912 kuma Krång-Johan Eriksson ya kafa tasa. Kamfanonin biyu sun haɗe a 2005, kuma yau da sunan Morakniv aka san su. Wuƙarsu da ta fi yaɗuwa, Companion, bakinta santimita 10.4 ne, mariƙinta roba, kubenta roba, babu ado ko kaɗan, kuma a Turai da Amurka ba ta kai dala 30 ba. Jelarta ma ba ta ratsa har ƙarshe ba. Sai a 2016 kamfanin ya fitar da Garberg mai cikakkiyar jela. Duk da haka irin wuƙaƙen Mora masu araha Kochanski ya riƙa amfani da su yana koyarwa.

Abin da ya ɗaukaka su shi ne gashi mai kyau da kuma siffar kaifin. An zabge bakin da faɗi, zabga ɗaya tak daga kusan tsakiya zuwa kaifi. Mai wasawa zai kwantar da wannan zabgar a kan dutse ya goga, ba sai ya yi ta lissafin yadda zai karkata hannu ba. Wanda bai taɓa wasa wuƙa ba zai koya cikin yini guda.

Maƙeranmu

Ba dole sai an aika Turai ba. Ƙira a wannan yanki tsohuwar sana'a ce. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono matoyar tama da aka yi aiki da ita ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gindin Dutsen Dala an samu shaidar narka tama tun ƙarni na 7, kuma labarin baka yana danganta kafuwar Kano da wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama. Maƙeran Agadas har gobe ana yabon aikinsu na takobi da wuƙar hannu.

Maƙerin yau ba ya narka tama, tsofaffin ƙarafa yake saye, kuma a nan bambanci yake shigowa. Idan ya yi amfani da rodin gini ko gwangwanin durom, wuƙar ba za ta riƙe kaifi ba komai iyawarsa, domin kabon ɗin ciki bai isa ba. Idan kuwa ya samu faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, wanda makanikai ke kira sifirin, ko tsohon magagari, to ya samu ƙarfen ƙwarai. Da sifirin ɗin manyan motoci maƙeran Nepal ke ƙera mashahuriyar wuƙarsu ta kukri. Don haka mai saye ya je maƙera da kansa, ya faɗi ƙarfen da yake so, da tsawon, ya nemi a ratsa jela har ƙarshe, a yi ƙota da itace mai tauri irin su marke ko aduwa ko ƙirya. Idan ya ƙara ɗan abu a kan kuɗin da aka saba, maƙeri zai ba aikin lokacinsa.

Gwaji kafin biya

A riƙe wuƙar a dunƙule hannu sosai. In akwai wurin da ke cizon tafin hannu, bayan aikin awa ɗaya kanta zai zama. A jijjiga bakin a ji ko yana motsi cikin ƙota. A hango ta daga tsini zuwa mariƙi a ga ko ta miƙe. A goga magagari a hankali kusa da kaifin: in ya zame, ƙarfen ya gasu, in ya ci shi da sauƙi, a ajiye ta. In mai kaya ya yarda, a fere busasshen itace kaɗan sannan a gwada ta a takarda. Mariƙi mai santsi irin na ƙarfe ko gogaggen ƙaho yana zamewa idan hannu ya jiƙe da gumi ko jini.

Kube ma a duba shi da kyau. A sa wuƙar a kifar da shi. In ta faɗo, bai yi ba. Kuben fata na dukawa yana da kyau idan fatar mai kauri ce kuma an sa ƙarin fata a gefen da kaifi ke bi, don kada ya yanke ɗinkin. Sai dai fata tana riƙe danshi, saboda haka ba a adana baƙin ƙarfe a cikinta wata da watanni. Bayan aiki a wanke, a goge, a shafa ɗan man kaɗanya ko na gyaɗa, tunda da ita za a yanka abinci.

Amana a hannun mai ita

Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi jawo rauni, domin tana sa a danna da ƙarfi har ta kuɓuce. A riƙa yanka ana nesanta baki daga jiki, kuma kada a fere abu a kan cinya, inda babbar jijiyar jini take. A halin tsaron da muke ciki, wuƙar daji a cikin jaka take zama har a isa daji. Ba ta da gurbi a kasuwa ko gidan biki ko taron siyasa, kuma ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. A Ingila, wata doka ta 1988 ta haramta yawo da irin wannan wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Mai shirin fita daji ya nemi wuƙa mai baki kusan santimita 10, mai doguwar jela, mai kaifi gefe ɗaya, ya gwada ta a gida kafin ranar tafiya, ya sayi dutsen wasa tare da ita. Maƙeranmu kuma su riƙa gaya wa mai saye gaskiyar ƙarfen da suka yi aiki da shi. Idan masu saye suka fara tambaya, maƙera za su gyara aiki, kuma kuɗin zai tsaya a gida.